Waƙoƙin Kajun: Me Ya Sa Baitukansu Ke Sauyawa Daga Baki Zuwa Baki?

A kudancin jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka akwai wata al'umma da ake kira Kajun. Kakanninsu Faransawa ne da suka zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau, har Ingilishi suka fara korarsu a shekarar 1755. Bayan shekaru suna gararamba, da yawansu suka yada zango a fadamun Luwiziyana. Ba su iso da dukiya ba, amma sun iso da harshensu da waƙoƙinsu.

Abin da zai fara ba mai sauraro mamaki shi ne, da wuya ya ji mawaƙa biyu sun rera waƙa ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Dalili na farko, waƙoƙin na baka ne. Ba a takarda aka adana su ba, a ka aka riƙe su, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta fi riƙe kari da amshi a kan kalmomi. Inda mawaƙi ya manta, sai ya cike da nasa. Na biyu, yawancinsu na rawa ne. A gidan rawa na daren Asabar, goge da akodiyon, wato wani abin kiɗa mai aiki kamar zugazugi, su ke jan ragama, mawaƙi kuwa ya tsawaita ko ya taƙaita gwargwadon bukatar masu rawa. Na uku, faifan garmaho. Joe Falcon da Cleoma Breaux ne suka fara ɗaukar waƙar Kajun a faifai a 1928, fuskar faifai kuwa ba ta cin fiye da kimanin minti uku, don haka dole a datse baituka.

Waƙar "Jolie Blonde" ta isa misali. 'Yan gidan Breaux sun ɗauke ta a 1929 da wani suna daban. A 1946 Harry Choates ya sake rera ta, ta game Amurka. Daga nan mawaƙan da ba su jin Faransanci suka karɓe ta, wasu suka sa mata baitukan Ingilishi, wasu na barkwanci. Karin ne ya fi daɗewa bai gushe ba.

Sai dai waƙoƙin sun kusa rasa masu jin ma'anarsu. Tsarin mulkin Luwiziyana na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa horon yara idan sun yi Faransanci a makaranta, har wasu suka koma jin kunyar kiɗan iyayensu. Daga waje daraja ta dawo. A 1964 Dewey Balfa ya yi wasa a bikin Newport, dubban baƙi suka miƙe suna tafi, ya koma gida ya duƙufa wajen farfaɗo da kiɗan. A 1968 jihar ta kafa hukumar CODOFIL domin raya Faransanci.

Bayan haka Zachary Richard ya yi suna a Kwibek da Faransa. Tsohuwar waƙar "Travailler c'est trop dur" da ya yayata, Julien Clerc ya rera ta a Faransa, Alpha Blondy na Kwaddibuwa kuma ya mai da ita rege a 1986, da nasa gyaran baitukan.

Saboda haka, ga manazarci, bambancin baituka ba kuskure ba ne. Kowane sauyi shaida ce ta bakin da waƙar ta ratsa, da zamanin da aka rera ta. Abin da ake yi wa fargaba a yau shi ne raguwar masu jin Faransancin Kajun, domin wanda bai ji harshe ba, haddace baiti kawai zai iya, ba zai iya ƙirƙiro sabo ba.