Ranar da Ruwan Tsiro Ya Tsinke

Duk macen da ta taɓa dama kunun zaƙi ta san cewa hatsin da ya yi tsiro yana fitar da zaƙi ko ba a zuba masa sukari ba. A ƙasar Jamus, wannan zaƙin sai da aka yi masa ma'auni da doka.

A birnin Munik, 'yan zuhudun Kirista na gidan Paulaner, waɗanda tarihin dafa giyarsu ya faro tun 1634, sun shahara da wata giya mai kauri da suke sha lokacin azuminsu na kwana 40. Jamusawa na kiran irinta Doppelbock, kuma ba ta cin wannan suna sai ruwan tsiron sha'ir da aka dafa ya kai digiri 18 a ma'aunin Plato kafin a sa yis. Wato a kowane giram 100 na ruwan, giram 18 sukari ne da sauran abin da ya narke daga hatsi. Asalin wannan awo aikin Karl Balling ne, masanin sinadarai a birnin Firag, a 1843.

Musulmi ba ruwansa da giya, amma ilimin ya shafe shi, domin daga irin wannan ruwan tsiro ake yin lemon malt marar barasa.

Matsalar da ke ci wa masu dafawa a gida tuwo a ƙwarya ita ce: an jiƙa, an tace, an tafasa, sai ma'auni ya nuna 16 maimakon 18. Mai hankali yakan fara zargin awon kansa. Ma'aunin ɗan kwalba ne mai iyo, galibi an saita shi a kan zafin digiri 20, don haka in aka tsoma shi cikin ruwa mai zafi sai ya nuna ƙasa da gaskiya. Haka ma in ba a gauraya tukunyar ba, mai kaurin yana kwance a ƙasa, tsululun yana sama.

In awo daidai ne, sai a koma kan barza. Nan ne aka fi yin asara. Ƙwayar da ba ta fashe ba takan fita da sitacinta kamar yadda ta shiga, in kuma aka niƙe hatsin lilis sai ya toshe matata. Abin nema shi ne tsaki-tsaki, ɓawon bai ragargaje ba. Sai zafin jiƙo: sinadaran cikin tsiro masu mayar da sitaci sukari sun fi aiki tsakanin digiri 62 da 72, in zafi ya haura 78 sun mutu. Ga wata matsalar kuma da ta keɓanta da giya mai kauri: hatsi da yawa ne, ruwan ɗauraya kaɗan, don haka zaƙi mai yawa yakan maƙale a dusa. Gwanaye kan ƙara hatsi tun farko saboda wannan, kuma dabarar ta fi kowane gyara.

Gyaran dai iri biyu ne. Ko a ci gaba da tafasawa, ruwa ya tafi a tururi, sukari ya zauna: lita 20 mai digiri 16 za ta kai 18 in ta ƙone zuwa kusan lita 17 da rabi, sai dai launi zai ƙara duhu, ɗacin furen hof da ake sakawa ma ya ƙaru. Ko kuma a narka garin tsiro busasshe a zuba.

Najeriya ta ɗanɗana irin wannan ciwon kai a manyan masana'antu. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni sun koma ga dawa, sai suka tarar sitacinta ba ya narkewa sai da zafin da ya fi na sha'ir, zafin da ke raunana sinadaran tsiron. Dole suka sake tsarin jiƙo, suna dafa dawar daban kafin a haɗa. Har gobe, dawar da ake nomawa a Arewa tana cikin kayan da ake yin lemon malt da su a ƙasar nan.