Rumfar Makaɗa ta Lambun Vauxhall

Idan ka taɓa zuwa wurin biki ko taron siyasa, ka ga yadda ake kafa dandamali, a jera lasifika, har wanda yake can nesa ya ji kiɗa. To, yi tunanin zamanin da babu lantarki, babu lasifika. Yaya makaɗa za su jiyar da dubban mutane a fili? Tarihin wata rumfa a birnin Landan zai ba ka amsa.

A kudancin Kogin Thames akwai wani lambu da mutane suka fara zuwa shan iska tun wajen shekarar 1661. Daga baya aka san shi da sunan Vauxhall. Wani ɗan kasuwa mai suna Jonathan Tyers ya karɓi hayarsa, ya gyara shi, ya buɗe shi da babban biki a 1732. Kuɗin shiga na yau da kullum sule ɗaya ne. Ga lebura wannan kuɗi ne mai nauyi, amma duk wanda ya iya biya zai shiga, ya yi yawo a hanya ɗaya da 'ya'yan sarauta. Yawancin baƙi a kwalekwale suke ƙetare kogi su zo.

A 1735 Tyers ya gina rumfar makaɗa a tsakiyar itatuwa. Ka lura da siffarta, domin nan dabarar take. Ginin mai bene ne, makaɗa suna zama a sama, gefensa a buɗe yake, yana kuma da rufi. Tsayin ya sa sauti yana wucewa ta saman kawunan jama'a, bai tsaya a sahun gaba ba. Rufin yana kare kayan kiɗa daga raɓa, yana kuma hana sauti watsewa sama. Akwai wani amfani kuma: mai sauraro ba zai iya matsowa ya dami makaɗi da roƙon a yi masa waƙar da yake so ba. Bayan shekara biyu aka ƙara wani gini a bayanta, aka saka ogan, wato babban abin kiɗa mai bututu da yawa wanda iska take busawa.

Me ya sa wannan rumfa ta yi suna? A wancan lokaci, irin wannan kiɗa a fadar sarki ake jin sa, ko a coci, ko a gidan wasa mai tsada. Rumfar Vauxhall ta fito da shi sarari. Mutum yana tafiya, yana hira, yana cin abinci, kiɗa kuma yana tashi. Da duhu ya yi, sai a busa usur, ma'aikata su kunna fitilun mai masu ɗimbin yawa kusan lokaci guda. (Abincin kam ba abin yabo ba ne, an daɗe ana yi wa lambun ba'a cewa yankan namansa ya cika siranta.)

Manyan masu tsara kiɗa sun yi hulɗa da wurin. A 1738 aka kafa mutum-mutumin Handel a lambun, alhali yana da rai, abin da ba a saba yi wa makaɗi ba. A ranar 21 ga Afrilu, 1749, aka yi gwajin wani kiɗa da ya tsara domin bikin sulhu. Wata mujalla ta lokacin ta ce mutum fiye da 12,000 suka halarta, kekunan doki kuma suka cushe Gadar Landan har awa uku. Masana tarihi na yanzu suna ganin an yi ƙari a adadin, amma ba su musa cewa taron ya cika ba.

A 1758 aka rushe rumfar farko, aka gina sabuwa mai ado da yawa. Daga baya aka ɗora mata wani rufi mai kama da ƙwarya a kife ta saman mawaƙi, domin ya tura murya gaba. Gwada da kanka: sa tafin hannunka biyu a gefen bakinka, ka yi kira. Aikin da rufin yake yi ke nan.

Wannan rumfa ta biyu ta shekara ɗari da ɗaya a tsaye. Sai dai zamani ya juya. Gari ya faɗaɗa ya kewaye lambun, jirgin ƙasa ya fara kai mutane shaƙatawa bakin teku, sababbin gidajen wasa suka janye jama'a. Masu lambun sun kawo wasan wuta, da masu tafiya a kan igiya, da tashi sama cikin balan-balan, duk da haka riba ta ƙi. An yi wasa na ƙarshe a ranar 25 ga Yuli, 1859, aka yi gwanjon kaya, aka gina gidaje a filin.

Idan ka je Vauxhall yau, ƙaramin fili mai ciyawa za ka tarar kusa da layin dogo. Mutum-mutumin Handel kuwa yana ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert.