Amsar Tambaya: Shin Gansakukar Kududdufi Tana Kashe Dabba?

Wani mai sauraronmu daga Gagarawa Tasha ya aiko da takarda yana cewa: "Idan bazara ta yi, ruwan kududdufinmu yakan koma kore shar. Wai da gaske ne yana kashe dabba? Kuma akwai hukumar da ke binciken irin wannan?"

To malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa ita ce, e, wata gansakukar tana kisa, amma ba kowace ba. Mai haɗarin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru. Abu uku suke so: zafin rana, ruwan da ba ya gudu, da takin zamani ko kashin dabbobi da ruwan sama ya kwaso ya zuba a ciki. Da sun samu waɗannan sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki, su rufe ruwan kamar an zuba koren fenti. Gubar wasunsu hanta take ci, ta wasu kuma jijiyoyi take kamawa, har dabba ta mutu cikin sa'o'i kaɗan. Iska takan tara su a bakin ruwa, wato daidai inda dabba ke sa baki.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, kuma a watan Satumba na shekarar gwamnatin ƙasar ta ce bincikenta ya nuna gubar irin wannan gansakuka ce. A watan Agusta na 2014 hukuma ta hana mutanen birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda ita. A bakin teku ma akwai wata irinta mai mai da ruwa ja, wadda ta kashe kifi da yawa a jihar Florida a 2018.

Yadda masana ke yi shi ne, suna ɗibar ruwan a kwalba su duba da madubin likita, sannan su auna gubar. Manyan tafkuna da teku kuwa har da tauraron ɗan'adam ake duba launinsu. A Nijeriya akwai cibiyar binciken teku a Legas, da ta binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa. Amma fa kududdufin ƙauye ba wanda zai zo ya auna shi sai an kai rahoto, don haka aikin farko naku ne.

Ga dabara: tsoma sanda ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, yawanci ba mai gubar ba ce. In ta fito kamar an shafa mata fenti, to a yi hattara, a janye dabbobi zuwa rijiya ko burtsatse, a hana yara wanka a wurin. Kada a ce za a tafasa a sha, domin tafasawa ba ta kashe wannan guba.

In dabba ta sha ta fara dalalar da miyau, ko karkarwa, ko zawo da jini, a garzaya wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, a kai masa ruwan a kwalba mai tsabta. Kada a yanka a ci hantar, kada kuma a sayar. Masu kora shanu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ku duba ruwan hanya kafin ku shayar, kada jarin shekara ya tafi a sha ɗaya. Manoma kuma a rage zuba taki dab da bakin ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.