Daga Ɗakin Jinya Zuwa Motar Agajin Gaggawa

Shekaru da dama, motar asibiti a Nijeriya an fi saninta da ɗaukar gawa a kan ceton rai. Direba ne kawai a cikinta, sai gado da jiniya. Wannan hali ya fara sauyawa, kuma waɗanda ake nema su cike gurbin su ne ma'aikatan jinya.

Jihar Legas ta kafa hukumar motocin agaji ta LASAMBUS a 2001, inda ta girke motoci da ma'aikatan jinya a bakin manyan hanyoyi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuwa ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Da wannan kuɗi ne shirin NEMSAS ya soma a Abuja a 2022, wanda ke ɗaukar nauyin jinyar sa'o'i 48 na farko, tare da biyan masu motoci, har da na 'yan kasuwa.

Sai dai aikin titi ba aikin ɗakin jinya ba ne. A asibiti akwai likita kusa, akwai haske, akwai abokan aiki. A kan hanyar Legas zuwa Ibadan da tsakar dare kuwa, ma'aikacin jinya shi kaɗai zai yanke shawarar wanda zai fara ɗauka cikin mutum biyar da suka jikkata. Shi zai tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya tallafe wuyan wanda ake zaton ya karye a ƙashin baya, alhali jama'a sun yi cincirindo, kowa na ba da tasa shawarar. Wanda ya fi ihu sau da yawa ba shi ne ya fi kusa da mutuwa ba, kuma gane hakan sai da horo.

Horon yana samuwa. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma tana da kwas na musamman kan haɗari da gaggawa ga waɗanda suka riga suka yi rajista, yayin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya soma horar da jami'an agajin gaggawa tun 2008.

Ga ɗan kasuwar da ke sha'awar harkar, sayen mota shi ne mafi sauƙi. Mota guda da za ta yi aiki dare da rana tana bukatar rukunin ma'aikata masu karɓa-karɓa, ga mai, ga iskar numfashi, kuma albashi ba ya jiran a kira. Ƙwararrun da yake nema kuwa su ne kamfanonin mai na Fatakwal da Warri ke zawarci, su ne kuma asibitocin Ingila ke kwasa. Duk wanda ya samu ya ɗauka, daga wani ɗakin jinya ya ɗauko shi, inda dama hannu bai wadata ba.