Keke mai batir: abin yi in giya ta ƙi shiga

Yau hirarmu a kan keke take.

Keke tsohon abokin talaka ne a ƙasar Arewa. Shi ke kai manomi gona cikin Dallol Mauri. Shi ke ɗauko dankali da albasa daga garka zuwa kasuwar Dogon Dutsi. Amma kowa ya san yashin ƙasarmu. Wanda ya taɓa tuƙo kaya daga Matankari, ko daga Gesheme zuwa Tibiri, ya san yadda gwiwa ke gajiya.

Yanzu an samu dabara. Akwai ɗan inji mai aiki da batir da ake ɗaura wa keke. Yawancinsu a ƙasar Sin ake ƙera su. Mutum yana taka feda, inji yana taya shi. In batir ya ƙare, sai a cika shi da wutar NIGELEC ko da sola.

Wani dattijo cikin masu karatu a wajena ya saida wakensa ya sayi irin wannan inji. Kwana uku yana murna. Rana ta huɗu giya ta fara ƙara, sarƙa tana tsalle. Kafin mako biyu sarƙar ta tsinke masa a hanya, ga buhun hatsi a baya. Ya zo ya ce mani: "Malam, an cuce ni, injin nan ya kashe mani keke." Na ce: "Baba, mu je mu duba tukuna." Munka je wurin mai gyara, munka duba tare. Ba a cuce shi ba. Keken lafiya lau yake, injin ma haka. Abin da munka gani shi zan gaya muku.

Sunayen kayan giya

Ku dubi ƙafar keke ta baya. Akwai faya-fayai masu haƙora, daga ƙarami zuwa babba. Babba na hawan tudu ne da yashi. Ƙarami na gudu ne a kan kwalta. Ƙarƙashinsu akwai wani ƙarfe mai ƴan tayoyi biyu. Shi ke tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan. Za mu kira shi maturi. Waya ce ta ƙarfe ke jan maturi, tun daga maɓallin da ke kusa da hannu.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune cikin cibiyar ƙafa. Akwai wanda ake ɗaurawa a tsakiyar keke, wurin feda. Kowane da irin matsalarsa.

Kafin ku taɓa komai, ku kashe inji, ku cire batir. Inji ba ya sanin yatsa.

Na ɗaya: sassauta ƙafa

Wannan shi ne babban darasi. Ƙarfin inji da wat ake auna shi. Mutum mai tafiyarsa a hankali yana ba da wajen wat 100. Ƙaramin inji yana ba da 250, wani ma har 750. Injin tsakiya da sarƙa yake ja. Ke nan sarƙar da ta saba da mutum guda, yanzu kamar mutum uku ne ko fiye ke janta.

Sarƙa ba ta iya sauya faifai in ta yi tauri. Kamar igiyar guga ce: ba a kwance ƙullinta guga na cike da ruwa. In an tilasta mata, haƙora su ci, ko ita ta tsinke. Abin da ya sami dattijon nan ke nan. Yana sauya giya a tsakiyar yashi, inji na cikin ja.

Ga yadda ake yi. A tsaida feda, a ɗan jira inji ya yi shiru. A sauya giya ɗaya tak. A taka a hankali har sarƙa ta zauna. Sannan a ba da ƙarfi. Wasu kekuna, in an ɗan taɓa birki, wutar inji na yankewa nan take. Kuma a sa giya mai sauƙi tun kafin a shiga yashi ko a kama tudu. Haka ma kafin a tsaya, don tashi ya zo da sauƙi.

Na biyu: duba waya

Mai ɗaura inji yakan ɗaure wayoyin wuta tare da wayar giya. Wani lokaci inji kansa ke danne ta a ƙarƙashin feda. Wayar da anka matse ba ta gudu. Ku bi ta da hannu daga sama har ƙasa. Inda ta matsu a sassauta. In ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa, a sake ta.

Bayan haka, a inda waya ke shiga maturi akwai ɗan noti da ake juyawa da yatsa. In sarƙa tana nawar hawa babban faifai, a juya shi hagu, kamar za a kwance. In tana nawar saukowa, a juya shi dama. Rubu'in juyi ya isa. A gwada, sannan a ƙara.

Na uku: haruffa biyu, H da L

Nan karatu zai yi muku rana. A jikin maturi akwai ƙananan sukuru biyu. Ɗaya an rubuta masa H, ɗaya L. Su ne iyakar maturi, kamar shingen gona. H na tsaron gefen ƙaramin faifai. L na tsaron gefen babba.

In an sa injin cibiya a baya, ƙafa anka sake gaba ɗaya. Faya-fayan sukan ɗan gusa daga inda suke da. Tsohuwar iyaka ba ta sake yin daidai. In sarƙa na faɗawa waje, a ɗaure H kaɗan. In tana faɗawa ciki, wajen inji, a ɗaure L. In ta kasa kai wa babban faifai, a sassauta L kaɗan. Ku ƙirga faya-fayan kuma. In maɓalli na giya 7 ne, faya-fayai ma su zama 7.

Na huɗu: tsaya bayan keke ka duba

Maturi ya kamata ya rataya sak, ƙarƙashin faifan da sarƙa ke kai. In keke ya taɓa faɗuwa ta hannun dama, ƙarfen da ke riƙe maturi yakan lanƙwashe. Wannan aikin mai gyara ne.

Injin tsakiya kuwa yakan turo faifan gaba waje. Sai sarƙa ta riƙa tafiya a karkace in tana kan babban faifan baya, har ta zame. Maganinsa faifan gaba mai komawa ciki. In ba a samu ba, a ɗaure L, a haƙura da giya ɗaya. Gara a rasa giya guda da a rasa sarƙa.

Na biyar: auna sarƙa

Yashi da mai in sun haɗu, wasa ƙarfe suke. Ku wanke sarƙa da kananzir, ta bushe, a ɗiga mai kaɗan, a goge sauran da tsumma. Kada a watsa wa inji ko batir ruwa.

Ku ari ma'auni wurin ɗan lakkwal. Ku sa shi a tsakiyar ƙusar sarƙa guda, ku ƙirga ƙusa 24 gaba. Sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi ce. In ta ƙaru da milimita 2, ta gaji, a sake ta. In ta wuce 3, ta riga ta cinye haƙoran faifai, sai a sake su tare. Sarƙa ta fi faya-fayai araha.

Dattijon nan sarƙa kawai ya saya, anka daidaita masa L. Da kansa ya karanta harafin. Har yau keken na kai shi kasuwa.

Tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Me ake fara cirewa kafin a taɓa giya?
2. Don me ake sassauta ƙafa kafin a sauya giya?
3. Wane gefe H ke tsaro, wane gefe L ke tsaro?

Mu kwana nan. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.