Gano Harafin da ke Ƙarƙashin Linzami a Akwatin Rubutu: Matsalar Haruffan Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubutu da kwamfuta ya saba da wannan: ya kai linzami, wanda wasu ke kira kusu, a kan wata kalma, ya danna, sai sandar rubutu ta faɗa daidai wurin. Amma shi linzami bai san harafi ba. Lambobi biyu kawai yake ba manhaja, x da y, wato nisan kibiyarsa daga hagu da kuma daga sama, ana ƙirga su da ɗigon allo. Shi kuwa matani jerin alamomi ne masu lamba, daga 0, 1, 2, har ƙarshe. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake juya waɗancan lambobi biyu su koma wannan lamba guda, da kuma nuna inda lissafin ke yin tuntuɓe da rubutun Hausa. Batun ya shafe mu, domin duk manhajar da za ta nuna ma'anar kalma daga ƙamus, ko ta ɗora alamar karin sauti a kan wasali, da wannan lamba take aiki. In ta kuskure da ɗaya, an gyara harafin da ba shi aka nufa ba, kuma ba abin da zai faɗakar da mai nazari.

2. Matakan lissafin

Da farko ana mayar da x da y daga ma'aunin allo baki ɗaya zuwa ma'aunin akwatin rubutun, inda kusurwar sama ta hagu take zama sifili, sannan a ƙara abin da aka gungura ya ɓace daga gani. Daga nan sai a nemi layi: in tsayin layuka ɗaya ne, raba y da wannan tsayi ya wadatar. Wahalar tana ga mataki na uku, wato neman harafi a cikin layin, domin a yawancin zubin haruffa faɗinsu ba ɗaya ba ne: m ta fi i faɗi nesa ba kusa ba. Saboda haka sai an tara faɗin haruffa ɗaya bayan ɗaya har jimlar ta wuce x.

Mu ɗauki kalmar ɗaki. A ce faɗin ɗ ɗigo 8 ne, a 7, k 7, i 3. Iyakokinsu ke nan 8, 15, 22, 25. In linzami ya tsaya a 20, yana cikin k, wato alama mai lamba 2. To, a nan tambayoyi biyu ne da ake yawan gwamutsawa. In ana neman harafin da ke ƙarƙashin linzami, amsar 2 ce. In kuwa ana neman inda sandar rubutu za ta tsaya, sai a duba tsakiyar k, wato 18 da rabi. Tun da 20 ta wuce ta, sandar za ta faɗa bayan k, amsar ta zama 3. Shi ya sa ScriptXtoCP na Uniscribe da HitTestPoint na DirectWrite suke ba da lambar harafi tare da bayanin ko a rabinsa na gaba aka danna ko a na baya.

3. Saƙon EM_CHARFROMPOS

A Windows, mai rubuta manhaja yana aika wa akwatin rubutu saƙon EM_CHARFROMPOS da x da y, akwatin ya mayar masa da lamba. Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, saƙon yana ba da harafi mafi kusa ne. In layi ya ƙare da wuri, linzami yana can a fili, zai ba da lambar ƙarshen layin duk da haka. Maganin wannan shi ne a juya tambayar da saƙon EM_POSFROMCHAR, a ga inda harafin yake a allo, a gwada da inda linzami yake. Na biyu, a akwati na talaka amsar rabi biyu ce: bit 16 na lambar harafi, bit 16 na lambar layi. Lambar harafi ba ta wuce 65,535 ke nan, kimanin shafi 36 in an ƙiyasta alama 1,800 a shafi. Bayan nan sai ƙirgen ya koma sifili. Tarin tatsuniyoyi ko littafin ƙagaggen labari yana iya wuce wannan iyaka. Ana gyara lambar ta hanyar tambayar mafarin layin da EM_LINEINDEX, ko a koma ga akwatin Rich Edit, wanda ke ba da lambar harafi cikakkiya.

4. Mene ne harafi?

Lambar da aka samu ba ta da amfani sai an san da me aka ƙirga ta.

4.1 Haruffa masu lanƙwasa

A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, a ko k bayit ɗaya ce, amma ɓ (U+0253), ɗ (U+0257), ƙ (U+0199) da ƴ (U+01B4) kowace bayit biyu. A cikin ɗan ƙasa akwai alama 8 amma bayit 10. Ƙ ita ce alama ta 4, amma a bayit na 5 ta fara. Windows yana ƙirga da ma'aunin UTF-16, inda waɗannan haruffa ke cin gurbi ɗai-ɗai, shi kuwa Pango, wanda manhajojin GTK ke amfani da shi, lambar bayit yake bayarwa. Wanda ya ɗauki 5 ɗin Pango a matsayin lambar alama, a kan wasalin a zai sauka, kuma tazarar tana ƙaruwa da kowace lanƙwasa. Haka nan ƙa'idar rubutu: ƴaƴa a ƙa'idar Nijar ta 1999 alama 4 ce, 'ya'ya a ta Nijeriya alama 6.

4.2 Tsawon wasali da karin sauti

Masu nazarin harshe suna bambanta mātā, jam'in mace, da mā̀tā, matar aure. Unicode yana da ā a matsayin alama guda, amma ba shi da ā̀. Sai an bi ā da alamar U+0300, ko a rubuta a da U+0304 da U+0300. Abin da ido ke gani harafi ɗaya, alama 2 ce ko 3. Su kuwa e da o suna da nasu a dunƙule, ḕ da ṑ, saboda haka wasulan Hausa biyar ba sa bin ƙirge ɗaya. Alamomin sama ba su da faɗi na kansu, don haka manhajar da ke tara faɗi alama-alama tana iya tsayar da sanda tsakanin wasali da karinsa. In aka rubuta wani abu a wurin, karin ya koma kan wani harafin. Dole ne a ɗauki wasali da alamominsa a matsayin dunƙule ɗaya, kamar yadda ƙa'idar UAX 29 ta Unicode ta tsara. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta haɗa sh da ts ba. Baƙi ɗaya ne a Hausa, alama biyu a na'ura, kuma mai manhaja ne zai koya mata.

4.3 Ajami

A ajami lambar alama tana ƙaruwa yayin da x ke raguwa. Siffar baƙi tana sauyawa gwargwadon wurinsa a kalma, don haka faɗin kalma ba jimlar faɗin baƙaƙenta a ware ba ne. Lam da alif kuma suna haɗuwa su zama siffa guda. A layin da ya haɗa boko da ajami, haruffa biyu maƙwabta a allo suna iya zama nesa da juna a matani. A nan tara faɗi da hannu ba ya aiki, sai a tambayi sashen manhajar da ya zana layin.

5. Kammalawa

A taƙaice, kafin a amince da lambar da akwatin rubutu ya bayar, a san tambayar da ta amsa, harafi ko gurbin sanda. A tabbatar linzamin yana kan rubutu. A san ma'aunin ƙirgen, bayit ne ko alama ko dunƙule. Muna ba ɗalibai shawara su jarraba kowace manhaja da layi guda mai ɗauke da ɗan ƙasa, mā̀tā, tsuntsu da kalma ɗaya ta ajami, su danna kowane harafi a gefensa na hagu da na dama, su rubuta lambobin da suka fito, kafin su damƙa mata matanin da suka sha wahalar tattarawa.