Babbar Kasuwar Yamai: Gini ya tashi daga toka, ƴan haya fa?

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, wato kasuwar sama, zai ga shaguna jere, da atamfa da shadda da kayan ƙwalama. Amma manyan cikinmu na tune da ranar 30 ga watan Maris na shekara ta 1982, ranar da gobara ta cinye tsohuwar kasuwar ƙurmus. Mutanen da suka kwana da jari suka wayi gari ba su da ko dala.

Gwamnatin Janar Saini Kunce ta kwashe ƴan kasuwa zuwa wasu wurare, musamman Wadata, inda zaman wucin gadi ya zama na dindindin. Aka share fili, aka gina sabuwar kasuwa da siminti, mai ganuwa da manyan ƙofofi. An buɗe ta a watan Janairu na 1987, watanni kaɗan kafin rasuwar Kunce, aka damƙa ta ga kamfanin SOCOGEM domin ba da haya da karɓar kuɗi.

Daga nan labarin ya koma na ƴan haya. Hausawan Maraɗi da Tawa da Damagaram, da Zabarmawa, da Yarbawa, kowa ya kama layinsa. Wani ya gaji shago daga mahaifinsa, wani kuma daga hannun ɗan haya ya haya. Da aka karya darajar kuɗin Sefa a Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, masu ƙaramin ƙarfi suka ji jiki. Gari ya yi ta girma, masu tebur suka cika hanyoyin da aka bari domin wucewar mutane da motocin kashe gobara.

A watan Mayu na 2009 wuta ta sake tashi, ta ci shaguna masu yawa. A 2012 ta cinye Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda, wadda ba a sake ginawa a wurinta ba.

Mun ga ana sake gina bango, amma jarin da ya ƙone ba ya dawowa, kuma akasarin ƴan haya ba su da inshora. Muna kira ga hukuma da shugabannin ƴan kasuwa su buɗe hanyoyi, su gyara wayoyin lantarki tun da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.